Akwatin kifin da na kafa ya karkata, kuma daɓen ɗakin ba daidai yake ba

Abdurrahamane, Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun lokacin da na ga akwatin gilashi na kifin ado a falon surukina a Kano raina ya biya, na yi kusan shekara biyu ina tara kuɗi, uwargida tana cewa ɓarnar dukiya ce, har Allah ya nufa aka haɗa mini nawa a can, aka ɗauko shi ta hanyar Matamaye cikin katifu biyu, ina bin motar da addu'a har Damagaram. Tsawonsa santimita 150, faɗi 50, tsayi 60, kaurin gilashin milimita 12. Mai walda ya yi mini teburin ƙarfe. Da na zuba ruwa zuwa rabi, sai na ga bakin ruwan ya fi hawa a gefe ɗaya da kusan santimita 2. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Me ya kamata in yi?

Malam Isuhu magini: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai ka kwashe ruwan nan yau, kada ka kai gobe. Da awon da ka faɗa akwatin yana cin lita 450, kowace lita kuwa kilo guda ce. Gilashin kansa ya haura kilo 90, idan ka haɗa yashi da duwatsu da tebur ka doshi kilo 600, wato nauyin buhu 12 na siminti a kan ƙafafu huɗu. Shekara talatin ina gini, magani ɗaya na sani: a fasa wurin, a zuba dakali na kankare, a daidaita shi da tiyon ruwa irin wanda muke awo da shi, a bar shi ya sha ruwa ya ƙeƙashe kafin a ɗora masa komai.

Hajiya Rabi, Birni: Lita 450 a garin nan? Bido 18 ke nan na lita 25. Mu a unguwarmu idan zafi ya tsananta sai tsakar dare famfo yake kawo ruwa, wani lokacin ma sai mu wuni muna jiran 'yan ga-ruwa. Ɗana, ka yi lissafin ruwan da za ka riƙa canjawa kowane mako kuwa?

Mahamadu: Babu buƙatar fasa daɓe. Ka shimfiɗa farin soson nan da ake samu cikin kwalin firji tsakanin akwatin da teburin, ni haka na yi wa nawa, shekara uku bai taɓa yoyo ba.

Malam Isuhu magini: Mahamadu, naka lita nawa ne? Soson nan aikinsa shi ne ya shanye ɗan tsakuwa ko tudun walda don kada ya soki gindin gilashi, amma ba ya gyara karkatar santimita 2, hasali ma gefen da nauyi ya fi yawa shi ne zai fi lotsewa. Kada ku sa yaron nan ya wayi gari falonsa ya zama tafki.

Malama Zeinabu: Malam Isuhu ya yi gaskiya game da soso, sai dai akwai tambayar da ba a yi ba. Karkata daban, murɗewa daban. Idan ƙafafun huɗu duk sun zauna daram kuma akwatin ya sunkuya gaba ɗaya zuwa gefe guda, haɗarin yana da sauƙi; idan kuwa kusurwa ɗaya ce take lilo, to gilashin murɗewa yake yi, kuma gam ɗin silikon da ya riƙe kusurwoyin shi ne zai fara sakewa, wani lokacin bayan watanni. Malam Abdurrahamane, ka auna daga bakin ruwa zuwa bakin gilashi a kusurwoyi huɗu ka faɗa mana. Idan za a yi ciko, a ƙarƙashin ƙafafun tebur ake sa farantan ƙarfe masu faɗi, ba a ƙarƙashin gilashi ba, kuma ba katako ba, domin katako yana shan laima ya ruɓe.

Laminu: Ku fara duba teburin ma tukuna. Ni mai walda ya taɓa yi mini gado ƙafa ɗaya ta gaza sauran, na koma wurinsa sau huɗu yana rantsuwa cewa ƙasar ɗakina ce, har yau bai mayar mini da ko dala ba.

Abdurrahamane: Na gode ƙwarai. Baba Isuhu, gidan haya nake, mai gidan kuwa ba zai yarda a fasa masa karo ba, wato tayil ɗin da aka shimfiɗa a daɓen. Ba zan iya sauya wurin ba, domin nan kaɗai ne kusa da soket, ɗaya bangon kuma rana tana dukansa ta taga. Mai waldar nan amini na ne tun makarantar firamare, ba na zargin aikinsa. Game da kwashe ruwa, na riga na saka kifi shida da na zo da su, ba ni da inda zan ajiye su. Na dai cusa kwali ninki uku a ƙarƙashin ƙafar dama, ina ganin kamar ya ɗan miƙe.

Malam Isuhu magini: Kwali! Inna lillahi. Sai yanzu kake faɗin gidan haya ne? To a zuba dakalin a kan leda bisa karon, ranar tashi a fasa shi a kwashe. Kifi shida kuma babbar roba ta wanki ta ishe su mako guda idan ka sa musu injin iska.

Malama Zeinabu: Har yanzu ba ka ba mu awon kusurwoyin ba.

Abdurrahamane: Zan auna idan na taso daga aiki, in sha Allahu. Amma surukina ya ce nasa ma ya ɗan karkata, kuma shekara biyar ke nan lafiya lau.