Neman kalma: me za mu kira "mapper" da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka da kalma. Ina fassara wani rubutu ne a kan wani mutumin ƙasar Filifin da ke yawo daga tsibiri zuwa tsibiri da na'urar GPS a jaka. Yana bin hanya yana ɗaukar sawunta, yana rubuta inda gada take, inda asibiti yake, da sunan da mutanen ƙauye ke kiran ƙauyensu. In ya koma gida sai ya zuba duka a OpenStreetMap, wata taswirar duniya da ke intanet, kyauta. Ba gwamnati ta aike shi ba, ba kamfani ke biyansa ba. Turawa na ce wa irinsa mapper. Mu fa?

2/ Kafin a fara jefo kalmomi, a san ƙasar tukuna. Filifin tsibirai ce zalla. An daɗe ana koya wa yara cewa 7,107 ne, sai a 2016 hukumar taswira ta ƙasar, NAMRIA, ta ce da aka sake dubawa 7,641 ne. Ƙasar da ita kanta gwamnati ke gano sababbin tsibirai, ina ga ƙananan hanyoyin ƙauye? Ƙaramar gunduma a can barangai ake ce mata, sun kai wajen 42,000, kuma a ƙarƙashinsu akwai unguwanni da rugage da ba kowace taswira ta san da su ba. Wani wurin sai a kwalekwale, wani sai a bayan babur ɗin haya da suke kira habal-habal, wato acaɓarsu, wani kuwa sai a ƙafa.

3/ Ita OpenStreetMap, Steve Coast ne ya fara ta a Ingila a 2004. Kowa na iya buɗe ta ya ƙara abin da ya sani, kowa na iya ɗauka ya yi amfani da shi. Suna da wata ƙa'ida da nake so kalmarmu ta ɗauko: in aka yi gardama kan suna ko hanya, abin da ke ƙasa, wanda mai zuwa wurin zai gani da idonsa, shi ne hujja.

4/ Amsar farko da ta shigo ita ce "mai zanen taswira". Daidai ne, kuma ita ƙamus zai ba ka. Matsalata da ita, tana sa ni ganin mutum a tebur da fensir da abin ja layi. Wannan bawan Allah rabin aikinsa tafiya ce da tambayar mutane. Ga ta kuma da tsawo: a ce "masu zanen taswira na ganin dama" sau goma a shafi guda, mai karatu ya gaji.

5/ Wani dattijo da ya yi aikin ƙasa da safiyo ya ce a bar shi a "mai safiyo". Allah ya ƙara girma, Baba, amma ina jin tsoron wannan. Bahaushe in ya ji safiyo, fili yake tunani: awo, iyaka, takardar mallaka, wani lokacin har kotu. Mai safiyo da izinin hukuma yake aiki, abin da ya auna kuma doka ta san da shi. Mutuminmu ba ya raba wa kowa iyaka. In ka shiga ƙauye ka ce kai mai safiyo ne, kafin ka zauna an fara tambayar gonar wa za a ƙwace.

6/ Wani malami ya kawo "mataswiri". Malam, na yaba da ƙoƙarin, a kan sawun marubuci da matafiyi ka gina ta. Sai dai waɗancan daga aikatau suka fito, rubuta da tafi. Taswira suna ce da muka aro daga Larabci, ba mu da "taswirta" a baki. Kuma jam'inta, "mataswira", ya yi kusa da ita taswirar har ya rikitar.

Wani kuma ya kawo "jagaba", mai shiga gaban ayarin fatake don duba hanya. Kalma ce mai kyau, amma a Najeriyar yau siyasa ta riga mu ɗauka.

7/ Ɓangaren "ba biya" shi ma da ƙura. Da can sai in rubuta "ɗan sa-kai" in wuce. Yanzu mutumin Zamfara ko Katsina in ya ji 'yan sa-kai, masu bindiga yake gani. "Ɗan agaji" kuma ya zama na masu kaki a masallaci da filin Idi. Ina ga a bar wannan ɓangare a cikin jimla kawai: a ce yana yi ne don ganin dama, ba don albashi ba.

8/ Ga abin da ya sa na dage a kan tafiyar. Ranar 8 ga Nuwamba 2013 guguwar Haiyan, wadda 'yan ƙasar ke kira Yolanda, ta faɗa wa tsakiyar Filifin. Ruwan teku ya hau birnin Takloban a tsibirin Leite, mutum fiye da 6,000 suka rasu a ƙasar. Ƙungiyar HOT, masu haɗa taswirar agaji tun bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, ta yi kira, mutane sama da dubu daga ƙasashe daban-daban suka zauna gaban kwamfuta suna bin hotunan tauraron ɗan'adam suna fitar da tituna da gidaje. Cikin 'yan kwanaki masu kai agaji suka sami taswirar da za su bi.

Amma da aka ce su nuna gidan da ya rushe da wanda ya tsira, daga hoton sama kawai, sai aka sami tangarɗa. Binciken da Red Cross ta Amurka ta yi da abokan aikinta daga baya, gida-gida, ya nuna hukuncin na nesa ya sha bamban da abin da ke ƙasa. Daga sama rufi kake gani. Ba ka ganin bangon da ya tsage, ba ka sanin ko gadar nan tana ɗaukar mota, balle sunan unguwar, a ƙasar da ake magana da harsuna fiye da ɗari. Wannan sai wanda ya taka.

Ke nan ma'aikata iri biyu ne, kuma Turancin ma kalma ɗaya yake ba su sai an ƙara bayani.

9/ Wata 'yar'uwa daga Damagaram ce ta kawo wadda ta zauna mini: "ɗan taswira". Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kamar ɗan jarida, ɗan kasuwa, ɗan wasa. Ba ta ce zane ba, ba ta ce awo ba, ta dai ce wannan harkarsa ce. Mace 'yar taswira, jam'i 'yan taswira, babu wahalar baki. Kuma tana karɓar ƙari: mai zuwa da kansa "ɗan taswirar ƙafa", mai aiki daga hoton sama "ɗan taswirar zaune".

Wani ya yi ƙorafin cewa za a iya ɗauka ƙaramar taswira ake nufi, musamman "'yar taswira". Gaskiya ne. Amma 'yar kasuwa ma haka take, ko ƙaramar kasuwa ko mai sana'ar, kuma jimla na raba gardama.

10/ Garin neman guda mun tsinci ta biyu. Zaman da ake tara mutane a ɗaki guda da kwamfutoci su fitar da taswirar wani yanki a yini ɗaya, wanda ake kira mapathon, wani ƙanena ya ce ai gayya ce. An kira, an zo, an yi wa wani aiki ba lada sai abinci. "Gayyar taswira". Wannan ba ni da ja.

11/ To ga yadda layin farko na fassarar zai fita: "Ɗan taswirar ƙafa ne daga Filifin, matafiyi, wanda ke sa ƙauyukan ƙasarsa a taswira don ganin damarsa." Aikatau ne har yanzu ban gamsu ba. "Sa a taswira" nake amfani da shi, wasu na cewa "ɗora a taswira". Mutanen Nijar da Gana, wanne kunnenku ya fi karɓa?