Na ci bak A4, na rasa fannin da zan rubuta

'Yar Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Bana Allah ya ba ni bak A4, wato na ci jarrabawar kammala sakandare ta ɓangaren adabi a nan Kamaru, amma sati biyu ke nan na kasa cike gurbin fanni a takardar shiga jami'a. Baba na son Larabci, yayata ta ce Faransanci don in yi konkur ɗin ENS, wato jarrabawar shiga babbar makarantar horar da malamai, in zama malama, ni kuwa raina ya rabu tsakanin tarihi da labarin ƙasa. Yayyena da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Tsohon ɗalibin Dang:
Wa alaikis salam ƙanwata. Tarihi na yi a jami'ar Ngawundare da ke Dang. Abin da ya ja ni kakana ne, mai ba mu labarin fatake da goro bayan isha'i. A shekara ta biyu na ci karo da littattafan Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa da ya bi fadojin lamidai yana tattara tarihin baka, sai na ga ashe hirar tsakar gidanmu ma ilimi ce. Ranar da na zauna a zauren wani dattijo da rakoda, ya shafe awa uku yana lissafa zangon ayari daga Kano zuwa Banyo, hannuna har rawa yake. Ba zan ɓoye miki ba, bayan lisansi, wato digirin farko, na sha zaman jira. Yanzu ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashin bai taka kara ya karya ba. Amma ban taɓa shiga aji da nauyin zuciya ba.

Maman Biyu:
Ni bin ƙawa na yi, na rubuta adabin Faransanci. Wata huɗu ina zaune a bayan amfi, wato babban ɗakin lacca, ana fashin baƙin waƙoƙin da ba su taɓa ni ba. Na sauya zuwa nazarin zamantakewa, shekara guda ta tafi, da sefa 50,000 na rajista, da kuɗin hayar ɗaki a Bini, kusa da jami'ar Ngawundare, da mahaifiyata ta tara daga sayar da ƙosai. Wannan kuɗin har gobe yana ci mini rai. Kafin ki rubuta komai, ki roƙi ɗalibin fannin ya ara miki littafinsa na shekarar farko, ki kwana biyu da shi.

Ɗan Marwa:
Ƙanwata, labarin ƙasa ba haddar koguna ba ne kamar na lise, wato sakandare. Akwai zanen taswira, ƙididdiga da aikin kwamfuta. Mu da muka gudo daga lissafi mun sha mamaki. In za ki jure, shi ya fi saurin haɗa mutum da aikin fili.

Maman Biyu:
Na manta ban faɗa ba. Aikina na farko cike takardun tambayoyi ne a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo, kwantiragin wata uku. Ba su tsaya kan makin da na ci a jami'a ba, tambayar farko ita ce harshe nawa nake ji. Hausa da Fulatanci suka ɗauke ni.

'Yar Garwa:
Allah ya saka da alheri. Akwai maƙwabciyarmu da ke shekara ta biyu a labarin ƙasa, gobe da safe zan je in karɓo littafinta. Yaya na Dang, wane littafin Eldridge zan fara nema? Sannan yaya zan tunkari Baba da maganar Larabci ba tare da ransa ya ɓaci ba?