Gwaji na wucewa lafiya, amma a cikin manhaja shafi ya yi fari

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na haɗa ɗan akwatin zaɓen kwanan wata da React (kayan aikin gina fuskar manhajar yanar gizo), na ware shi a ƙunshi na daban don manhajojinmu biyu su riƙa amfani da shi. A cikin ƙunshin, duk gwajin da na rubuta da Jest (manhajar gwada lamba) yana wucewa lafiya ƙalau. Amma da na jona shi da manhajar ta hanyar npm link, sai shafin ya yi fari fat, ga jan rubutu wai "Invalid hook call". Na bi useState ɗina layi-layi (shi ne hook, wato kiran React da akwatin ke riƙe bayanansa da shi), babu wanda na saka cikin if, abin da React ya hana. Kuma in na dasa alamar tsayawa (wadda ke dakatar da lamba a wani layi don a bincika) a VS Code, inda nake rubuta lambar, ba ta kamawa. Ina zan dosa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ina kyautata zaton lambarka lafiyarta ƙalau, React biyu ne ke gudana a lokaci guda. Abin da npm link ke yi, hanya kawai yake shimfiɗawa zuwa ainihin foldar ƙunshinka. Idan akwatin ya nemi React, sai ya ɗauko wanda ke cikin node_modules ɗinsa, ita kuma manhajar tana riƙe da nata. Su kuwa hooks, tun zuwansu a React 16.8 a 2019, dole React ɗin da akwatin ya kira ya zama shi ne wanda react-dom, mai zana shafin a burauza, ke aiki da shi. Shi ya sa Jest bai ga komai ba: a can React ɗaya ne tal. Buga npm ls react a cikin manhajar ka gani. Sannan ka mayar da react da react-dom cikin peerDependencies, wato jerin abubuwan da manhajar ce za ta samar wa ƙunshin, kuma ka hana su shiga ƙunshin lokacin gini.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ya faɗa, sai dai ni da za ka ji tawa, ka bar npm link ɗin nan. Yi npm pack, zai ba ka fayil mai .tgz, ka girka shi a manhajar. Ainihin abin da abokan aikinka za su samu ke nan, har fayil ɗin da ka manta ba ka saka ba zai tona kansa. Yana da ɗan jinkiri, amma ba ya ruɗin mutum.

Amsa ta uku:
Ɗan uwa, in da Vite kake gina manhajar, saka react da react-dom a resolve.dedupe na saitinsa don ya riƙa ɗauko kwafi ɗaya kawai, ba sai ka rabu da link ɗin ba. Maganar alamar tsayawa kuwa, burauza na karanta fayil ɗin da aka gina ne, kai kuma ka dasa ta a na asali. Kunna build.sourcemap a ƙunshin, shi ke haɗa layukan fayil ɗin da aka gina da na asali, ka sake gini.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na saka dedupe, shafin ya dawo, na kunna sourcemap, alamar ma ta kama a daidai layin onChange. Gobe in sha Allah zan gwada npm pack kafin in tura wa sauran.