Shin kalmar "saɓo" daga Larabci ta fito?

Ɗan Maiurno:
Assalamu alaikum, malamaina. Jiya a kasuwar Sinnar, a nan Sudan, wani direba ya fusata har ya furta abin da mutanen nan ke kira "sabbud din", wato zagin addini, sai ɗana, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, ya ce mini ai daga "sabb" ɗin nan muka samo "saɓo". Na rasa amsar da zan ba shi, kuma abin ya tsaya mini a rai. Ina neman ƙarin haske.

Malami daga Gadarif:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaron ya yi tunani, amma kamar sauti ce ta ruɗe shi. Harafin ɓ babu shi a Larabci, kuma kalmomin da muka aro masu harafin "ba" galibi sun riƙe ta yadda take, kamar sababi, hisabi da Asabar. Saɓo ɗan gida ne, daga aikatau "saɓa" ya fito, wanda muke ji a "ya saɓa alkawari" da "mun yi saɓani a hanya", wato umarni ya bi nan, mutum ya bi can. Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu na nan sun fara sakin ɓ, har ba sa rarrabe saɓo da sabo.

Hajiya daga Kasala:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ina so in ƙara cewa ma'anar ma ba ɗaya ba ce. Saɓon Allah ya haɗa da ƙarya da cin amana da barin salla, shi ya sa ya fi kusa da "ma'asiya" a Larabci. "Sabb" kuwa zagi ne, kuma da shi aya ta 108 ta Suratul An'am ta zo, inda aka hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Wasa da abu mai alfarma shi ne izgili, wato "istihza'i" da ke aya ta 65 ta Suratut Tauba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa haɗa su ba: wanda ya sha giya mai saɓo ne, wanda ya yi dariya ga kiran salla mai izgili.

Ɗan Maiurno:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Ke nan abin da direban ya yi ɓatanci ne ga addini, daga "ɓata". Yau bayan magariba zan zaunar da yaron, mu fara da furta ɓ.