Me za mu kira maganin da yake kashe darɓa ya ƙyale sauran ƙwari?

Jama'a, ana neman kalma. Turawa suna ce masa "selective insecticide", kishiyarsa kuma shi ne maganin da ake fesawa kan mai uwa da wabi. Wannan kishiyar ma ta samu suna ke nan, babu wanda zai ji bai gane ba. Ɗayan ne ya gagara.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Darɓa tana tsotsar ruwan shuka daga ƙarƙashin ganye da kan sabon toho, ganyen ya nannaɗe, ta bar danƙo mai zaƙi wanda baƙar funfuna ke kamawa, ga tururuwa na zarya a kai. Ta kuma ɗauki cuta daga wannan shuka ta kai wa waccan. Macen ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa da ransu, cikin kamar mako guda su ma sun fara haihuwa.

Amma tana da maƙiya a gonar: jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya da tsutsarsa, da wasu mitsi-mitsin zanzaro masu saka ƙwai a cikin jikinta, ta kumbura ta bushe. In ka fesa maganin kan mai uwa da wabi irin su cypermethrin, maƙiyan nan suna mutuwa tare da ita. Darɓar da ta tsira kuwa ta fi su saurin hayayyafa, sai ta dawo ta tarar babu mai cin ta. Dalilin neman wancan maganin ke nan.

Wani ya ce "mai zaɓe". A'a, kunne zai tafi rumfar ƙuri'a. "Mai wariya" kuma ta riga ta yi baƙin jini, manomi zai zaci aibu ake faɗa masa. An kawo "mai ɗauki ɗai-ɗai", tana da daɗin faɗa, amma ma'anarta kashewa ɗaya bayan ɗaya, alhali maganin jinsi yake bambancewa, ba adadi ba.

Wadda na fi tsoro ita ce "maganin darɓa zalla". Alkawari ne da kwalbar ba za ta cika ba. Ɗauki pirimicarb, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fitar: ya shahara wajen kashe darɓa ya sassauta wa jan ƙwaron, amma tsutsar wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma, wadda ita ma darɓa take ci, ba ta tsira daga gare shi. Kuma guba ce ga mutum, yana taɓa jijiya, dole a rufe hannu da hanci. Duk sunan da zai sa mai feshi ya ɗauka abin ba ya cutar da komai sai darɓa, mugun suna ne. Ga shi ma wasu darɓar sun riga sun saba da shi, ba ya kama su.

Flonicamid, na wani kamfanin Japan, hanyarsa dabam ce: hana darɓa tsotsa yake yi, ta zauna a kan ganyen kwanaki kafin yunwa ta kashe ta. Wanda bai sani ba zai ce maganin jabu ne ya ƙara wani a kai.

Ni dai na tsaya a kan "maganin ƙwari mai zaɓi". Zaɓi, da i, ba zaɓe ba. Gajere ne, ya shiga bakin mai shago da malamin gona, kuma yana jawo tambayar da ta dace: zaɓin wa yake yi, wa yake bari? Amsar tana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, har da yawan da aka zuba a tanki. In an wuce ƙa'idar da ke jikin takarda, ko aka fesa da rana tsaka shuka na fure ƙudan zuma na kai, zaɓin ya ragu ƙwarai.

Masu koyar da aikin gona, ku gwada ta a kan manoma ku faɗa mana yadda suka ji ta.