Layin ƙasa a Rigasa: titin unguwa ne ko hanyar gona?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'a. Na tashi na tarar an warware gyaran da na yi wa layukanmu na wajen Ɗanmani a OpenStreetMap, taswirar intanet ɗin nan da kowa ke iya gyarawa, duk an dawo da su highway=residential, wato alamar titin unguwa. Wanda ya yi dan Allah ya fito mu ji dalili. Ni magana ta ɗaya ce kuma ina nan a kanta, layin da babu kwalta, ga ramuka, kwata ta cinye rabinsa, highway=track ne ya dace da shi. In ka buɗe taswira ka ga farin layi tas irin na Unguwan Rimi ai baƙo zai ɗauka titi ne lafiyayye ya danno motarsa, amma track yana fitowa da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, da gani ka san ba wurin shiga da ƙaramar mota ba ne.

'Yar Barnawa: Wa alaikumus salam. Ni ce na mayar ɗan'uwa, kuma sai da na bar maka saƙo a ƙarƙashin gyaran naka na jira ba ka ce komai ba. Ka ɗauki layuka da yawa a tashi ɗaya ka canza ba tare da ka kawo maganar nan ba, wannan kaɗai ya isa a mayar. Sannan track ba ya nufin "titi mara kyau". Hanya ce ta shiga gona ko daji ko wajen ɗiban yashi. Layin da ke da gidaje hagu da dama, masallaci, mai shago, makarantar allo, ta ina ya zama hanyar gona?

Ɗan Rigasa: Anti ke a Barnawa kike, kwalta har ƙofar gida, ba za ki gane ba wlh.

'Yar Barnawa: Haba dai. Zo ka ga layin bayan gidanmu da damina sannan ka faɗi haka.

Baba Safiyo: Ku yi haƙuri in sa baki. Ɗana na Rigasa, damuwarka gaskiya ce amma maganin da ka ɗauko ba nata ba ne. Tsarin nan tun da aka fara shi a Ingila a 2004, alamar highway aikin hanya take faɗa, wato me hanyar take haɗawa. Wadda ta haɗa gari da gari daban, wadda ta haɗa ƙauye da ƙauye daban, wadda take kai mutane gidajensu a cikin unguwa ita ce residential ko da turɓaya ce zalla. Yanayin jikin hanyar kuma akwai alamominsa na kansa: surface shi zai ce kwalta ce ko ƙasa ko tsakuwa, smoothness shi zai ce wace irin mota za ta iya bi. Akwai ma ƙa'idar da aka rubuta musamman don hanyoyin Afirka kuma abin da ta fi nanatawa ke nan, saboda masu zana mana taswira daga ƙasashen waje ta hoton tauraron ɗan'adam da sun hango jar ƙasa sai su danna track, a wajensu titin gari dole baƙi ne. Shekaru muna bin bayansu muna gyarawa a ƙauyukan Igabi da Giwa, hanyar da motar kasuwa ke bi duk sati an mai da ita ta tarakta. To yau kuma sai ga ɗan gida yana yi da hannunsa.

Ɗan Rigasa: Ranka ya daɗe na ji, amma ita ƙa'idar wa ya rubuta ta? Ba a Kaduna aka rubuta ba dai. Kuma mutumin da yake kan hanya ba ya karanta surface, launi yake gani.

Mai Keke na Kawo: Ni fa ban san dogon turancin nan naku ba amma bari in faɗi abin da na sani. Akwai layin da nake kai fasinja a can ciki, da rani ƙura ce kawai kana bi lafiya lau, da ruwa ya sauka kuwa tsakiyarsa ya zama kwazazzabo, mutanen layin su jera buhunan yashi da fasassun bulo a gefe, yara su ɗora katako a kan kwata mai babur ya lallaɓa ya wuce, ni kuwa a bakin layi nake sauke mutum ko da tsohuwa ce da kaya. To wannan me za ku kira shi? Wata shida titi ne, sauran watannin rafi.

Baba Safiyo: Titin unguwa ne malam, mara kwalta, mai muni, kuma akwai flood_prone=yes da ake ƙara wa wurin da ruwa ke ci. Ka ga abu huɗu ka faɗa mana kuma kowanne yana da gurbinsa. In ka ce track kawai, ka haɗiye ukun.

Mai Keke na Kawo: To madalla, amma a wayata duk iri ɗaya nake ganinsu Baba.

Ɗalibin Poli: Yawwa, nan ne gizo ke saƙar. Abin da oga na Rigasa ya yi shi ne a yi wa bayanai ƙarya don zane ya fito yadda ake so, kuma an daɗe da hana wannan. Ku gane, OpenStreetMap rumbun bayanai ne, hoton da kuke gani in kun buɗe salo ɗaya ne kawai cikin masu yawa, sunansa Carto, wasu 'yan sa kai ne daban suke kula da shi. Kuma tun 2023 shi ma ya fara bambanta titin da ba kwalta in an sa masa surface, sai ka matso da taswirar sosai za ka lura, ban ce yana fitowa ɓaro-ɓaro ba. Manhajar taswira ta waya OsmAnd tana iya nuna jikin hanya da launi, kuma ita da Organic Maps duk suna da wurin da za ka ce a kauce wa hanyar da ba kwalta. Matsalar ita ce layukan Rigasa yawancinsu babu wanda ya sa musu surface ɗin, to me manhaja za ta nuna?

Ɗan Rigasa: Sai ka matso sosai. Ka ji ko? Da bakinka ka faɗa. Nawa kuwa tun daga nesa ake gani.

Ɗalibin Poli: Ana gani, amma ka san abin da ya biyo baya? Manhajojin da ke lissafa wa mota hanya wasu ba sa bi ta track sai in babu makawa, wasu ba sa bi sam. Wato mai kawo kaya ko motar asibiti in ta nemi gidanku za a ajiye ta a babban titi a ce nan hanya ta ƙare. Da rani ma, lokacin da layin yake biyuwa lafiya.

'Yar Barnawa: Ni abin da ya fi tsaya min a rai ba ma mota ba ne. Rigasa fa, unguwar da ko a Kaduna kaf ana lissafa ta cikin masu yawan jama'a, ga tashar jirgin ƙasan Abuja a can tun 2016, mutum ya buɗe taswira ya ga gidaje cunkus amma duk hanyoyin ciki na gona ne. Masu aikin rigakafi da masu agaji suna sauke bayanan nan su tsara yadda za su zagaya gida gida, ba launi suke kallo ba, alamomin suke tacewa. In suka ce a fito mana da titunan unguwa sai a ga Rigasa wayam. Ka so ka nuna an yi watsi da unguwarku sai ka goge ta da kanka.

Ɗan Rigasa: To ai gara a gan ta wayam a san ba a yi mana komai ba. Da aka yi aikin sabunta birni daga 2019 an yi gadar Kawo, an faɗaɗa tituna a cikin gari, mun gani mun yaba, amma shiga lungunanmu ki gani. In jami'i ya buɗe taswira ya ga fararen layuka reras sai ya ce ai waɗannan suna da hanya.

'Yar Barnawa: Shi ya sa nake ce maka surface ne makaminka. In kowane layi yana da alamar ba kwalta, cikin minti kaɗan a Overpass, shafin da ake tace bayanan taswirar, za a fito maka da su duka a lissafa tsawonsu, ka ɗauki takarda ka kai wa kansila ko ƙaramar hukumar Igabi ka ce ga kilomita kaza na titin unguwa da ba kwalta. In ka ce track ne kuwa amsar da za a ba ka ita ce wa yake zuba wa hanyar gona kwalta.

Mai Keke na Kawo: Kai, Hajiya ta kawo magana a nan.

Ɗan Rigasa: Ta kawo, ban ƙi ba. Amma wa zai bi layi ɗaya ɗaya yana sa wannan? Ni a dare ɗaya na gama nawa.

Ɗalibin Poli: Da JOSM, manhajar gyaran taswira ta kwamfuta, ai ba wahala, ka zaɓe su gaba ɗaya ka sa alama ɗaya. Ni dama na daɗe ina cewa iD, wadda ake gyara da ita a shafin OpenStreetMap, ita ce take ɓata mana sababbin shiga, a da sunan da take nuna wa track yana nufin hanyar da ba a kula da ita ne, kowa ya ga layinsu ya lalace sai ya danna, daga baya ne aka canza sunan. Duk mai son aikin nan da gaske ya koyi JOSM kawai a huta.

'Yar Barnawa: Ka fara ko. JOSM sai da kwamfuta, sai ka sa Java, sai wuta. Mutum nawa a cikinmu ke da laftof? Yawancin yaran da muka koya wa aikin nan da waya suka zo, wasu ma ta aro. Kuma zaɓe su gaba ɗaya ɗin nan da kake faɗa ai shi ne ya kawo mu inda muke, mutum yana zaune a ɗaki ya yanke wa layi hamsin hukunci bai taka ko ɗaya ba. Hoton sama ma wani ya kwana biyu, layin da aka yi wa kwalta ko aka shimfiɗa wa intalok bara zai nuna maka shi ja.

Ɗalibin Poli: Anti JOSM ɗin ce ma ta fi sauƙin data, ka sauke yanki sau ɗaya ka yi aikinka ko sabis ya ɗauke, in ya dawo ka tura. iD kuwa sabis na rawa aikinka na rawa.

Baba Safiyo: Kowanne da ranarsa, kar ku mai da shi Kano Pillars da Ranchers. Ni JOSM nake amfani da ita don zanen gidaje, amma wannan aikin na ƙafa ne. StreetComplete a wayar Android ita za ta tambaye ka da kanta, wannan titin me aka shimfiɗa masa, ta nuna maka hotuna ka taɓa wanda ya yi daidai, shi ke nan. Mai keke ma yana jiran fasinja zai iya amsa goma. Sai dai ku lura, kada wanda ya leƙa Google Maps ya kwafo, lasisinmu bai yarda ba, abin da idonka ya gani shi za ka sa.

Mai Keke na Kawo: In dai taɓa hoto ne zan iya. Amma tunda an zo nan ina da ƙorafi, ranar nan fasinja ya ce Waff Road na rubuta a wayar yaron gidana muka yi ta nema, ashe wai Muhammadu Buhari Way. Wa yake kiranta haka a tasha?

Baba Safiyo: Abin da ke jikin allon titi shi ke shiga name, tsohon suna yana da old_name, wanda mutane ke faɗa a baki yana da loc_name ko alt_name, kuma in an cike su yawancin manhajoji za su nemo. Haka baifas, a takarda Nnamdi Azikiwe ce. A duba a gani ko an sa, in ba a sa ba a sa. Amma wannan zancen wata rana ne, in muka buɗe shi yau ba za mu kwana ba.

Ɗan Rigasa: To ni ga inda na tsaya. Na cikin unguwa ku bar su residential ɗin tunda kun fi ni yawa, ban ce na gamsu ba, har yanzu ina ganin zanen bai yi mana adalci ba kuma ya kamata wani cikinku masu turanci ya rubuta wa masu Carto ɗin su ƙara fito da bambancin. Amma waɗanda suka wuce bayan tashar jirgi suka nufi gonaki, Anti kin haɗa da su kin mayar, waɗannan kam track ne ko a gaban waye.

'Yar Barnawa: In babu gidaje a kansu ka mayar da su, ba ni da ja. Amma ka duba da kyau, wajen nan gini ake yi kullum, inda ka sani gona bara yanzu an yanka filaye har an fara zama.

Ɗan Rigasa: Zan bi su ranar Asabar da babur.

Ɗalibin Poli: In za ka je ka kunna Mapillary, manhajar ɗaukar hotunan titi, ka ɗaure wayar a gaba, mu ma mu gani daga nan.

Ɗan Rigasa: Datar ka zan yi amfani da ita?

Mai Keke na Kawo: Kafin ku watse, lungunan Tudun Wada fa, na bayan Kasuwar Barci, waɗanda ko kekena ba ya shiga sai babur da mai tura baro, amma gidaje ne cike a ciki. Su ma residential ɗin ne?

Baba Safiyo: A'a, wanda mota ba ta shiga path ne, wato hanyar ƙafa.

Ɗalibin Poli: Baba ni kuma na ga wasu suna sa musu service=alley, wato alamar lungu.

'Yar Barnawa: Wanda ya auna faɗinsu ya fara magana. Mai keke, gobe in ka bi ta wajen ɗauko mana hoton guda biyu, ɗaya mai faɗi ɗaya matsattse, ka tsaya da keken a bakin lungun yadda za mu kwatanta.