Taƙaitawa: shawarwarin da aka ba ɗan'uwanmu na Gombe mai zuwa Malesiya karatu

Jama'a maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda a fara da allurar shawara, a karɓi yalo kad ɗin (katin shaidar an yi allurar) aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Fasfo kuma ya zama da sauran lokaci mai tsawo kafin ya ƙare.

2. Zafinsu ba irin namu na Gombe ba ne, gumi ne dare da rana ga ruwan sama kusan duk shekara, don haka kaya marasa nauyi da lema, shadda mai sitaci a bar ta sai Juma'a.

3. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengue da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba, a nemi man shafawa mai korar sauro.

4. Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko wa ye. Dokarsu kan ƙwaya ba wasa, wannan kam ni ma ina roƙonka.

Inda aka rabu: guzuri. Wasu sun ce a tafi da kilishi, wasu sun ce kwastan na iya ƙwace nama, kuka da yaji da daddawa sun wadatar tunda abincin halal ko'ina akwai. Kuɗi ma haka, wasu dala a hannu a canza zuwa ringgit can, wasu kati.